Muhawara Kan Yadda Talabijin da Jaridun Najeriya Ke Ba da Labarin Rikicin Addini da Siyasa

Malam Lawal, Zariya:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, akwai al'amarin da ya daɗe yana damuna, kuma ina ganin ya kamata mu zauna a kansa da natsuwa, wato yadda gidajen talabijin da jaridun Najeriya suke ba da labari idan magana ta taɓa addini, ƙabila ko siyasar yanki. Aikin jarida na yi har na ajiye, saboda haka abin da zan faɗa ya shafe ni kamar yadda ya shafi waɗanda suke bakin aiki a yau.

Abin da na lura da shi shi ne kafafenmu mudu biyu gare su, ɗaya na auna jinin nasu, ɗaya na auna jinin wasu. Idan waɗanda aka kashe mutanen masu karanta jaridar ne, za ka ga sunayensu da hotunansu da hira da matan da aka bari da marayu, kuma a ambaci addini da ƙabilar maharan a kanun labari tun 'yan sanda ba su kama kowa ba. Idan kuwa maharan ne suka fito daga ɓangaren masu karatu, sai labarin ya koma shafin ciki, a ce an yi arangama, ko a ce wasu fusatattun matasa ne, a rufe da maganar kakakin 'yan sanda cewa ƙura ta lafa.

Ku tuna Jos a shekarar 2010. A watan Janairu aka kashe mutane a Kuru Karama, akasarinsu Musulmi, aka jefa gawarwaki da dama cikin rijiyoyi, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 150 ne suka mutu. Ranar 7 ga Maris aka afka wa Dogo Nahawa da ƙauyukan kusa da shi cikin dare, aka kashe mutane masu yawa, akasarinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom, da mata da ƙananan yara a ciki. 'Yan sanda suka ce mutum 109 ne, jami'an gwamnatin jihar suka ce sun kai 500, kowace jarida kuma ta ɗauki adadin da ya dace da zuciyar masu sayenta. Har yau idan ka tambayi mutum wane kisa yake tunawa a wannan shekarar, amsarsa za ta nuna maka kafar da yake bi.

Tushen abin ba na yau ba ne. Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Tribune a 1949, gwamnatin Arewa ta kafa New Nigerian a farkon 1966, kuma kowacce an haife ta ne domin ta zama bakin wani ɓangare. Ina so in ji ra'ayinku: laifin na masu kafafen ne, ko na ma'aikatan, ko namu masu karatu da kallo?

Hajiya Saudatu, Kano:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, na yarda da maganar mudu biyu, amma ban yarda laifin ya rabu daidai wa daida ba. Manyan jaridu irin su Punch, Vanguard da Guardian, da gidajen talabijin irin su Channels da TVC, duk cibiyarsu Legas ce, kuma muryarsu ce take isa ko'ina a ƙasar nan da wajenta. Wanda ya fi ƙarfin murya shi ya fi ɗaukar alhaki idan ya karkata.

Ranar Asabar 16 ga Nuwamban 2002, cikin watan azumi, jaridar ThisDay ta buga wani rubutu kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja, wanda ya ambaci Manzon Allah (SAW) da maganar da ba ta dace ba. Rubutun jarida ba ya fita sai ya bi ta hannun edita, don haka ko dai ba a karanta shi ba, ko kuma wanda ya karanta bai san nauyin maganar a zuciyar miliyoyin 'yan ƙasarsa ba, kuma dukkan biyun abin kunya ne ga jaridar da take kiran kanta ta ƙasa. Jaridar ta nemi afuwa fiye da sau ɗaya, amma ranar 20 ga watan aka ƙone ofishinta na Kaduna, rikici ya ɓarke, aka rasa rayuka kusan 250.

Sannan ga maganar Fulani. Idan ɗan fashi Bafulatani ne, ƙabilarsa ce kanun labari, idan kuwa daga wata ƙabila ya fito, ɗan fashi ne kawai. A 2015 wani rahoto na duniya mai suna Global Terrorism Index ya sa "mayaƙan Fulani" a matsayi na huɗu cikin ƙungiyoyin da suka fi kisa a duniya, kamar wata ƙungiya ce guda mai shugaba da tuta, jaridu kuma suka riƙa maimaitawa ba tare da sun tambayi yadda aka haɗa rikicin gona da kiwo, da satar shanu, da garkuwa da mutane, duk a ƙarƙashin sunan ƙabila ɗaya ba. Alhali a Zamfara da Katsina Fulani makiyaya suna cikin waɗanda aka fara kwashe wa shanu. Ina ganin shekarun da aka shafe ana wannan kiɗan suna da hannu a abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su.

Malam Bitrus, Jos:

Gaisuwa ga kowa. Hajiya, ban musanta ko ɗaya daga cikin misalanki ba, kuma kisan Uromi zalunci ne da babu mai hankalin da zai kare shi. Sai dai ki ba ni dama in faɗa miki yadda abin yake daga inda nake zaune, domin ni Kirista ne ɗan Arewa, da Hausa nake sauraron labarai, kuma sau da yawa idan na kunna rediyo ko na buɗe shafin Hausa sai in ji kamar ba a lissafa ni cikin masu sauraro ba.

Mutum 250 da aka kashe a Kaduna a 2002 ba editocin ThisDay ba ne. Talakawa ne Musulmi da Kirista waɗanda yawancinsu ba su taɓa riƙe jaridar ba, kuma binciken Human Rights Watch ya nuna jami'an tsaro da kansu sun harbe wasu daga cikinsu. Idan aka ba da labarin kamar rubutun ne kaɗai ya yi kisan, an wanke waɗanda suka ɗauki adda da fetur ke nan. Haka kuma lokacin da aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022, na ji shirye-shiryen Hausa da suka shafe mafi yawan lokacinsu kan abin da ake zargin ta faɗa, kisan kuwa aka wuce shi da jimla ɗaya, duk da cewa Majalisar Sarkin Musulmi da kanta ta yi Allah wadai da shi. Atiku Abubakar ma an wallafa saƙon yin tir da kisan a shafinsa, daga baya aka goge bayan an yi masa ca da barazanar hana shi ƙuri'a. To idan ɗan takarar shugaban ƙasa ya ji tsoron masu sauraro haka, yaya mai gabatar da shiri a ƙaramin gidan rediyo zai yi?

Kuma wannan ma ba sabon abu ba ne a Arewa. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u fiye da ɗari, kuma an zargi Rediyon Tarayya na Kaduna da cewa yadda ya riƙa maimaita labarin abin da aka yi wa Musulmi a Kafanchan ya ƙara rura wutar. A Littafi Mai Tsarki, cikin Karin Magana sura 18 aya 17, an nuna cewa wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Kowane ɓangare a ƙasar nan yana da kafar da take ba shi damar fara kawo ƙara, kuma abokin shari'ar ba a cika kiransa ba.

Hajiya Saudatu, Kano:

Malam Bitrus, na ji maganarka kuma na karɓi abin da ka faɗa game da Sakkwato, domin ɗaukar doka a hannu ba koyarwar Musulunci ba ce, kuma ɗan jaridar da ya kasa faɗin haka a fili ya gaza. Amma har yanzu ina kan bakana cewa gidan rediyon unguwa da gidan talabijin da jakadun ƙasashen waje suke kallo ba ɗaya suke ba wajen tasiri.

Malam Lawal, Zariya:

Hajiya, game da tasiri a waje kina da gaskiya, amma game da tasiri a kan titi lissafin ya sha bamban, domin wanda zai fito da makami a Kaduna ko Jos ba Channels ya kalla ba, abin da ya ji da harshensa daga bakin wanda ya amince da shi ne ya motsa shi. Bari in kawo misalin da ya fi kusa da mu, domin a nan ne za a gane ko muna da adalcin da muke nema daga wasu.

Ranar 4 ga Yulin 2024 jaridar Daily Trust, wadda ita ce babbar jaridar da 'yan Arewa suka fi amincewa da ita, ta fito da babban labari a shafin farko cewa Najeriya ta sa hannu kan Yarjejeniyar Samoa ta dala biliyan 150, kuma yarjejeniyar tana ɗauke da sharuɗɗan da za su tilasta goyon bayan masu neman jinsi. Ita wannan yarjejeniya tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik, aka fara sa mata hannu a Samoa a Nuwamban 2023, Najeriya kuma ta sa nata hannun ranar 28 ga Yunin 2024 a Brussels. Labarin ya fito ranar Alhamis, washegari Juma'a, malamai suka ɗauki maganar zuwa kan mumbari, saƙonnin murya suka cika wayoyi. Mutum nawa ne a cikinmu ya nemi takardar yarjejeniyar ya karanta? Takardar tana nan a fili, kuma babu inda ta wajabta wa Najeriya halatta auren jinsi, wanda dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta haramta.

Gwamnati ta kai ƙara gaban hukumar sauraron ƙorafi da kafafen yaɗa labarai suka kafa da kansu, hukumar ta bincika, ta ce labarin ba daidai ba ne, jaridar kuma ta buga neman afuwa a farkon Oktoban 2024. Ina yaba wa jaridar da ta karɓi hukuncin, domin ba kowace ce za ta yi haka ba, kuma gwamnati ma tana da nata laifin na sa hannu kan abu mai girma ba tare da ta yi wa jama'a bayani tun farko ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mu kanmu. Da wata jaridar Legas ce ta buga labarin da ba daidai ba a kan shari'ar Musulunci, da mun bi diddiginsa layi-layi. Da yake tamu ce, kuma labarin ya dace da tsoron da muke da shi tun da can, sai muka karɓa ba bincike. Alhali aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kada mu cutar da wasu mutane cikin jahilci, kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito an ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Nasiru, Kaduna:

Assalamu alaikum iyayena. Baba Lawal, ni ina aiki a wani gidan talabijin a matsayin mai shirya labarai, kuma ina so in ƙara wani ɓangare da ba a cika gani daga waje ba, ba don in wanke mu ba, sai don a san inda ciwon yake.

Yawancin labarin rikici da kuke gani babu wakilinmu da ya taka wurin. Kai ma'aikaci da kyamara ƙauyen da ke bayan Birnin Gwari ko Barikin Ladi yana buƙatar mota da mai da tsaro, gidajen kuma ba su da wannan kuɗin, wasu ma ma'aikatansu suna bin su bashin albashi na watanni. Saboda haka abin da yake isowa ɗakin labarai sanarwa ce: ta 'yan sanda, ta sojoji, ta CAN, ta JNI, ta Miyetti Allah, ta ƙungiyar ci gaban wata ƙabila. Kowace sanarwa tana zuwa da adadinta da sunan wanda take zargi, wadda ta riga isowa kafin lokacin labarai kuwa ita ce take zama labari. Ƙungiyar da take da kakaki mai iya Turanci da lambar wayar editoci ita take cin wannan tsere, ƙauyen da ba shi da kowa kuwa ko an kashe mutum hamsin a cikinsa ba lallai a ji ba. Ga kuma maganar ambulan da kuɗin mota da ake raba wa 'yan jarida bayan taron manema labarai, wanda kowa a cikin sana'ar ya san da shi, kuma mutumin da bai ga albashi ba da wuya ya tsananta tambaya ga wanda ya ba shi na cefane.

Dogaro da sanarwa ya fi muni idan hukuma ce da kanta ake zargi. A Zariya, tsakanin 12 da 14 ga Disamban 2015, labarin farko da ya mamaye kafafe shi ne na sojoji, cewa mabiya Sheikh Zakzaky sun tare hanya sun yi yunƙurin kashe babban hafsan sojin ƙasa. Sai a 2016 sakataren gwamnatin jihar Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Kuma a ganina kafafe da dama, na Kudu da na Arewa, ba su matsa ba, domin waɗanda aka kashe ba su da farin jini a wurin masu karatun kowane ɓangare. A Tudun Biri kuma, ranar 3 ga Disamban 2023, jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, hukumar ba da agajin gaggawa ta ce mutum 85 ne aka binne, kuma hotuna da shaidar mutanen garin ne suka sa aka kasa rufe maganar har rundunar sojin ƙasa ta amsa.

Shirye-shiryen muhawara na safe da na dare suna da tasu matsalar. Su ne mafi arha a talabijin, kujera uku da fitila kawai, kuma ɗan guntun bidiyon da baƙo ya yi ihu a cikinsa shi ne yake yawo a Facebook da WhatsApp ya kawo masu kallo da talla. Lokacin da ake cece-kuce kan takarar Musulmi da Musulmi ta Tinubu da Shettima a 2022, idan aka gayyato malami ko fasto mai magana a hankali, ba a sake kiransa, domin a cewar masu gida bai ja mutane ba.

Hajiya Saudatu, Kano:

Ɗana Nasiru, Allah ya yi maka albarka da wannan bayani. To idan haka abin yake, me ya hana hukumar NBC ta tsananta? An kafa ta tun 1992 domin ta sa ido kan rediyo da talabijin. A Kano mun ga abin da ya faru a Fabrairun 2013, lokacin da aka harbe ma'aikatan rigakafin shan inna tara kwanaki kaɗan bayan wani shirin rediyo da ya soki rigakafin. Ni uwa ce, kuma na fi son a rufe gidan da yake tunzura jama'a da a bar shi da sunan 'yanci har a zubar da jini.

Malam Lawal, Zariya:

Hajiya, damuwarki a kan hanya take, amma mu duba waɗanda hukumar ta fi hukuntawa. A Oktoban 2020 ta ci Channels, AIT da Arise tarar naira miliyan 3 kowanne saboda yadda suka ba da labarin zanga-zangar EndSARS. A Agustan 2022 ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin bincike kan 'yan bindiga, ta kuma ci kamfanonin da suka nuna shirin BBC kan 'yan bindigar Zamfara irin wannan tarar, alhali waɗannan shirye-shirye biyu suna cikin 'yan kaɗan da suka je dajin da ƙafarsu suka ji daga bakin Hausawa da Fulani duka. A Maris na 2023 ta ci Channels tarar naira miliyan 5 saboda hira da Datti Baba-Ahmed bayan zaɓe. Ki lura, duk waɗannan abubuwa ne da suka ɓata wa gwamnati rai. A watan Mayun 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa hukumar ba ta da ikon cin tara, domin ita ba kotu ba ce. Hukumar da shugaban ƙasa yake naɗa shugabanninta ba za ta zama alƙali tsakanin gwamnati da masu sukarta ba. Ni na fi amincewa da hanyar da aka bi a maganar Samoa, inda 'yan sana'ar suka zauna suka duba hujja suka ce wa ɗan'uwansu ya yi kuskure.

Alhaji Mamman, Damagaram:

Salamu alaikum. Ina bin wannan tattaunawa daga Nijar, kuma ina goyon bayan Malam Lawal kan wannan gaɓar saboda abin da muka gani a nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mahukunta sun dakatar da RFI da France 24 a farkon Agusta, mutane da yawa suka yi murna, domin sun daɗe suna ganin waɗannan kafafe bakin Faransa ne, kuma ba zan ce zargin babu tushe ba. Amma a Disamban 2024 aka dakatar da BBC na wata uku saboda labarin wani hari da gwamnati ta musanta. Talakan da ya saba kama sashen Hausa ta gidajen rediyon FM bai daina neman labari ba, sai ya koma ga saƙon murya na WhatsApp wanda ba a san wanda ya yi shi ba, ba shi da edita, ba shi da ofishin da za a kai ƙara. Hajiya, idan aka ba gwamnati wuƙar rufe kafa, ba a kan mai tunzura jama'a kaɗai take amfani da ita ba.

Malam Bitrus, Jos:

Akwai tambayar da har yanzu ba mu amsa ba, kuma ita ce ta fi wuya a wurina: a ambaci addini da ƙabilar waɗanda abin ya shafa, ko a ɓoye? Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana ambaton ƙabila ko addinin mutum ta hanyar ƙasƙanci, amma ba su ce a ɓoye gaskiya ba. Ranar 14 ga Agustan 2021 aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a nan Jos, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi za su jihar Ondo, aka kashe fiye da ashirin. Saboda addininsu aka kashe su, kuma jaridar da ta ce matafiya kawai ta rage gaskiya. Ranar 5 ga Yunin 2022 aka kashe masu ibada kusan arba'in a cocin Katolika na Owo, saboda suna coci aka same su, amma nan take aka cika ko'ina da cewa Fulani makiyaya ne, daga baya gwamnatin tarayya ta ce ISWAP take zargi. A ganina wanda aka kashe ana iya sanin ko wane ne shi tun ranar farko, don haka a faɗa idan dalilin kisan ke nan. Wanda ya yi kisan kuwa sai an tabbatar, kuma ko an tabbatar a kira shi da sunansa ko na ƙungiyarsa, kada a jingina shi ga ƙabila mai mutum miliyoyi.

Ina kuma so a riƙa ba da labari irin na Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa ya hana a kashe su. A wannan rikicin ne kuma binciken BBC ya gano cewa wasu hotunan gawarwaki da aka yaɗa a Facebook da sunan Filato ba a Najeriya ma aka ɗauke su ba.

Nasiru, Kaduna:

Baba Bitrus, wannan rabewar da ka yi tsakanin wanda aka kashe da wanda ake zargi abu ne da ɗakin labarai zai iya aiki da shi gobe da safe ba tare da an kashe ko kwabo ba, kuma zan kai ta gaban editanmu. Abin da zai yi wuya shi ne lokaci, domin idan muka tsaya tabbatarwa na awa uku, wasu sun riga sun saka, masu kallo kuma su ce an saye mu ne shi ya sa muka yi shiru.

Hajiya Saudatu, Kano:

Alhaji Mamman da Malam Lawal, na ji hujjarku kan hukuma, kuma zan sassauta a kan maganar rufe gidaje, ko da yake har yanzu ina ganin wanda ya yi kiran a kashe wani a kan iska kotu ya kamata ta kama shi da sunansa. Amma hanyar da Malam ya yaba tana da giɓi babba. Labarin Samoa ya isa kunnen matan unguwarmu cikin kwana biyu, da Hausa, ta bakin malamai da saƙon murya. Neman afuwar kuwa ya zo bayan wata uku, da Turanci, kuma har yau akwai ƙawayena malaman makaranta da suke ɗauka cewa an sayar da ƙasar nan a kan dala biliyan 150. Ban ji limamin da ya koma kan mumbari ya ce wa jama'a labarin da ya kawo musu ba daidai ba ne, kuma ban ji gidan rediyon da ya ware wa gyaran rabin lokacin da ya ware wa labarin farko ba. Nasiru, idan za ka kai wa editanku maganar Malam Bitrus, ka haɗa masa da wannan: duk labarin da aka gyara, a karanta gyaran a cikin shirin da aka fara ba da shi, a daidai wannan lokacin, da harshen da aka ba da shi, kuma a saka shi a shafukan gidan na Hausa yadda za a iya tura shi ta waya kamar yadda aka tura na farkon.